Johanasbag, Birnin Zinariya

Darasinmu na yau a kan wani babban birni ne da ke can kudancin Afirka, a cikin ƙasar da a ke kira Afirka ta Kudu. Sunansa Johanasbag. Sunan yana da nauyi a baki, saboda haka mu fara karanta shi gaɓa-gaɓa: Jo-ha-nas-bag. Mutanen Zulu ba su wahal da harshensu, sai su ce Egoli, watau wurin zinariya. Samarin birnin kuwa su kan ce Jozi.

Mun san yadda gari ya kan kafu. Wani a bakin kogi, wani a kan hanyar fatake, wani a gindin dutse saboda tsaro, wani kuwa inda ƙasa ke da albarkar noma. Johanasbag ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta bakin teku, ba ta da babban kogi, ba kuwa fadar wani sarki ce ba. A shekarar 1885 in mutum ya je wurin, ba abin da zai gani sai ciyawa da shanu da 'yan gidajen gona jefi-jefi. Amma da aka yi ƙidaya a 2022, sai aka sami mutum wajen miliyan 4 da dubu 800 a cikinta. To, me ya tara jama'a haka a fili fetal? Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne.

Ƙasar da birnin ya ke

Birnin yana bisa wani dogon tudu mai suna Witwatersrand, watau tudun farin ruwa. Don sauƙi a kan ce Rand kawai, daga nan ne kuma kuɗin ƙasar ya sami sunansa a 1961. Tudun yana da bisa ƙwarai, ya kai mita 1,750 daga bakin teku. Ya fi Jos tsawo, mun kuwa san sanyin Jos. Yanayinsu kuma a juye ya ke da namu. Daminarsu tana farawa wajen Oktoba, ta kai Maris ko Afrilu, da tsawa da ƙanƙara. Watan Yuni da Yuli, sa'ad da mu ke noman farko, su a lokacin su ke rawar ɗari.

Tun kafin zuwan Turawa akwai mutane a wurin, kabilun Soto da Tswana. Makiyaya ne kuma manoma, suna narka tama suna ƙira. Har wa yau akwai kufan matoyar ƙarfensu a kan wani tsauni cikin birnin. Wajen ƙarshen shekarun 1830 waɗansu Turawa manoma da a ke kira Buwa, jikokin mutanen Holan, suka taso daga kudu da kekunan shanu da bindigogi. Suka mamaye ƙasar, suka raba ta gona-gona, suka kafa mulkinsu mai suna Tiransibal. Babban garinsu Firitoriya, shugabansu kuwa tun daga 1883 Paul Kruger.

Yadda aka sami zinariya

A cikin 1886 wani mutumin Ostareliya, George Harrison, yana aiki a wata gona mai suna Langlaagte, sai ya ga wani irin dutse ya leƙo bisa ƙasa. Ya taɓa aikin haƙar zinariya, saboda haka ya daka dutsen ya wanke a kasko. Sai ga zinariya tana ƙyalli a ƙasan kaskon. An ce daga baya ya sayar da rabonsa fam goma, ya yi gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ku dubi wannan al'amari! Mutum ya buɗe ƙofar taskar da duniya ba ta taɓa ganin irinta ba, ya tashi da fam goma.

Labari ya bazu kamar wutar daji. A watan Satumba na shekarar gwamnatin Kruger ta ba da izinin haƙa a gonakin wurin. Mutane suka yi ta kwararowa, waɗansu a kan doki, waɗansu a keken shanu, da yawa kuwa a ƙasa. Aka kafa tantuna da rumfunan kwano. Akwai wani ɗan fili na gwamnati da ya saura tsakanin gonaki uku, ba wanda ya damu da shi. Nan aka yanka fuloti, aka yi gwanjonsu a watan Disamba. Yawanci a kan ce an samo sunan garin daga sunayen ma'aikatan gwamnati biyu da aka aiko duba wurin, Johann Rissik da Christiaan Johannes Joubert.

Da fari zama ya yi wuya. Babu itace, babu isasshen ruwa, sai ƙura da rani, taɓo da damina. Ruwa ma saye a ke yi. Katako da kwano da manyan injuna duk a keken shanu a ke jawo su, tafiyar makonni, har jirgin ƙasa ya iso a 1892. Duk da haka, shekara goma kacal bayan kafa garin, watau a 1896, an ƙidaya mutum fiye da 100,000 a cikinsa.

Zinariyar cikin dutse

Nan sai mu tsaya mu lura da kyau, don duk abin da ya faru daga baya daga nan ya samo tushe.

A waɗansu ƙasashe a kan sami zinariya a cikin yashin rafi. Mutum ɗaya da kaskonsa zai iya wankewa ya samu, in Allah ya ba shi sa'a. Ta Rand ba haka ta ke ba. Tana cikin dutse mai tauri, ƙwayoyinta ƙanana ainun, da wuya ido ya gan su. Dutsen kansa tsakuwa ce fara-fara da ta manne da juna, kamar alewa mai gyaɗa. Masana ilmin ƙasa sun ce a zamanin da can wurin wani babban tafki ne, koguna suka yi ta zubo masa tsakuwa da garin zinariya, daga baya ƙasa ta rufe abin ya daskare.

Zinariyar tana da ɗimbin yawa in an haɗa ta duka, amma a warwatse ta ke. Mu ɗauki tan ɗaya na dutse, watau nauyin buhu goma na masara. In aka fasa shi, aka niƙa, aka tace, zinariyar da za a samu sau da yawa ba ta fi ƙwayar gyaɗa guda girma ba. Sa'an nan kuma shimfiɗar dutsen ba a kwance ta ke ba. Ta leƙo bisa ƙasa, kana ta sunkuya ta nufi kudu, tana ƙara nutsewa. Wanda ya ke son ta, tilas ya bi ta ƙasa.

Da fari da zaiba a ke kama zinariyar daga garin dutse. Amma wajen 1889, da aka ɗan yi zurfi, sai dutsen ya sake hali, zaiba ta kasa kama rabin abin da ke ciki. Mutane suka fara tattara kayansu, aka ce garin ya mutu. Ana cikin haka sai aka kawo wata dabara daga Gilasgo ta ƙasar Sikotilan a 1890. Waɗansu masana uku, MacArthur da 'yan'uwa biyu masu suna Forrest, sun gano cewa wani ruwan guba mai suna sayanaid yana narkar da zinariya ya raba ta da dutse. Wannan dabara ita ta ceci Johanasbag.

To, ga rami mai zurfi, ga nakiya, ga injin niƙa, ga injin jan ruwa, ga magani mai tsada. Talaka mai kasko ba shi da wuri a nan. Aikin ya koma hannun manyan attajirai, irin su Cecil Rhodes da Barney Barnato da Alfred Beit, waɗanda suka riga suka yi arziki da lu'ulu'u a garin Kimbali. Suka kafa manyan kamfanoni da kuɗin Ingila da Faransa da Jamus. Kafin 1899 kimanin rubu'in zinariyar da a ke haƙa a duniya kowace shekara daga Tiransibal ta ke fitowa.

Yau ramin da ya fi kowane zurfi a duniya yana yamma da birnin, kusa da garin Carletonville. Sunansa Mponeng. Zurfinsa ya kai kimanin kilomita 4. Mu da mu kan yaba rijiya mai gaba talatin, wannan ya fi gaba dubu biyu. A can ƙasa zafin dutsen ya kan kai awo 60, mutum ba ya iya ɗora hannu ya daɗe. Sai an yi ta tura ƙanƙara da iska mai sanyi kafin a iya aiki.

Yaƙi

Ruwa ba ya tsami banza. Baƙin Turawa, yawancinsu Ingilishi, suka yi yawa a garin, suna biyan haraji amma Kruger ya hana su ƙuri'a, don yana tsoron su ƙwace ƙasar. A ƙarshen 1895 wani abokin Rhodes mai suna Jameson ya shigo da mahaya don ya kifar da gwamnati, aka kama shi. A 1899 yaƙi ya ɓarke sosai tsakanin Ingila da Buwa. Sojan Ingila suka shiga Johanasbag a watan Mayu na 1900, yaƙin ya ƙare a 1902. A 1910 aka haɗa yankunan duka suka zama ƙasa ɗaya. Turawan biyu suka shirya tsakaninsu, baƙar fata kuwa, masu ƙasar, aka bar su a waje.

Su wa ke shiga ramin?

Kamfani ba shi da ikon ƙara kuɗin zinariya yadda ya ga dama, don a wancan zamani farashinta a tsaye ya ke a duniya. Kuɗin injuna kuma ba ya raguwa. Saura abu ɗaya da za a iya matsewa, shi ne ladan lebura. Saboda haka kamfanonin suka haɗa kai, suka daina gasa wajen biyan lada, suka aika wakilai ƙauye-ƙauye neman ma'aikata masu araha.

Amma manomin da ke da gona da shanu, me zai kai shi rami? Sai gwamnati ta taimaki kamfanoni. Aka sa harajin ɗaki da na kai, aka ce da tsabar kuɗi za a biya. A 1913 kuma aka yi dokar ƙasa wadda ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu, aka ƙara zuwa wajen kashi 13 a 1936. Gona ta yi kaɗan, haraji na bin mutum, sai ya sa hannu a takarda ya shiga jirgi. Ba 'yan ƙasar kaɗai ba, har daga Mozambik da Lesoto da Malawi da Botswana a ke kwaso mutane. Bayan yaƙi ma, da leburori suka yi ƙaranci, an kawo mutanen Sin fiye da 60,000 tun daga 1904, aka mai da su gida kafin ƙarshen 1910.

Abin ya yi kama da cin ranin da muka sani, amma da bambanci babba. Ɗan ci-rani namu ya kan tafi bayan kaka ya komo da faɗuwar ruwa, ya kuma sauka inda ya so. Lebura a Rand ya kan yi wata tara, ko shekara, ko fiye, in kuwa ya gudu kafin wa'adi ya cika, laifi ne a gaban alƙali. A bariki a ke ajiye shi, gida mai katanga da ƙofa ɗaya, maza zalla, dubbai a wuri guda. Gadajen siminti ne, wani bisa wani. Ba a yarda ya zo da matarsa da 'ya'yansa ba. Mata a ƙauye su ke noma, su yi reno, su jira ɗan abin da za a aiko. Da ya ke kabilu sun yi yawa, sai wani harshe na aiki ya tsiro a ramin, ana kiransa Fanakalo, yawancinsa Zulu ne da ɗan Turanci.

Haɗarin aikin ba ya ƙidayuwa. Dutse ya kan rufto, ruwa ya kan ɓalle, wuta ta kan tashi. Amma abin da ya fi kisa shi ne wanda ba ya ƙara, watau ƙura. In ana huda dutse, ƙurarsa mai laushi ta kan shiga huhu ta zauna, ba ta fita. Shekara kaɗan mutum ya fara haki, tarin fuka ya sami ƙofa. Sai a sallame shi ya koma ƙauye ya mutu can, ya kuma bar wa iyalinsa tarin. Sai a 2018 manyan kamfanoni suka yarda su biya diyya ta rand biliyan 5 ga masu wannan ciwo da magadansu, bayan doguwar shari'a. Da yawa ba su kai ga ganin kuɗin ba.

Aikin gwaninta da na shugabanci an keɓe wa Turawa da doka, ladan Bature kuwa ya kan ninka na baƙin mutum sau goma ko fiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1922, da kamfanoni suka so sa baƙar fata a waɗansu ayyukan Turawa don rage kashe kuɗi, leburori Turawa suka yi tawaye da makamai, har gwamnati ta fito da jiragen sama. A watan Agusta na 1946 kuma baƙaƙen leburori fiye da 60,000 suka yi yajin aiki. Ladansu a yini bai kai sule uku ba, suka nemi sule goma. 'Yan sanda suka kora su cikin rami da kulake da bindiga. Aƙalla mutum tara suka mutu, fiye da 1,200 suka ji rauni, ba a ƙara musu kome ba. Sai bayan shekaru da yawa suka sami ƙungiya mai ƙarfi. A 1987 ta yi yajin mako uku, jagoranta kuwa wani lauya ne ɗan Soweto, Cyril Ramaphosa, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2018.

Gari ɗaya, zama biyu

Ba kowa ne ya zo don rami ba. Gari mai kuɗi yana bukatar kuku da mai wanki da direba da tela da ɗan tireda. Indiyawa suka zo da ciniki, da yawansu Musulmi, suka gina masallatai. Gandhi, wanda daga baya ya jagoranci neman 'yancin Indiya, ya yi aikin lauya a nan. A 1908 shi da jama'arsa suka taru a ƙofar Masallacin Hamidiya suka ƙone takardun shaidar da aka tilasta musu ɗauka.

Turawa suna son aikin baƙin mutum, amma ba su son maƙwabtaka da shi. Suka zauna a arewacin gari, inda iska ba ta kawo ƙurar ma'adini, suka dasa itatuwa miliyoyi har unguwanninsu suka zama kamar kurmi. Baƙar fata aka tura su kudu maso yamma, bayan tarin ƙasar ramuka. A 1948 jam'iyyar Buwa ta ci zaɓe ta mai da wannan hali doka sosai. Shi ne mulkin wariyar launin fata. Kowane baƙin mutum sai ya riƙe littafin fas a aljihu, in ɗan sanda ya tare shi babu, sai gidan yari.

Akwai wata unguwa, Sophiatown, inda baƙar fata suka mallaki gidajen kansu, unguwar makaɗa da marubuta. A watan Fabrairu na 1955 'yan sanda 2,000 suka zo da manyan motoci suka fara kwashe mutane. Cikin 'yan shekaru aka rushe ta ƙaf, aka gina wa Turawa gidaje, aka sa wa wurin suna Triomf, watau cin nasara. Waɗanda aka kwashe aka zuba su a jerin ƙananan gidaje iri ɗaya, nesa da gari. Waɗannan unguwanni su aka haɗa a 1963 aka kira su Soweto.

Ga wani labari da ya kamata mu riƙe. A farkon 1957 kamfanin bas ya ƙara kwabo ɗaya a kan kuɗin mota daga unguwar Alexandra zuwa cikin gari, daga kwabo huɗu zuwa biyar. Wani zai ce, kwabo ɗaya me ne ne? To, mu yi lissafi. Kwabo ɗaya zuwa, kwabo ɗaya komowa, kwana shida a mako, ya zama kwabo goma sha biyu, watau sule guda. Ga mai ɗan ƙaramin lada, sule abincin yara ne. Mutanen Alexandra suka ƙi shiga bas. Maza da mata, tsofaffi da matasa, suka riƙa tashi tun da asuba suna taka kimanin kilomita 15 zuwa aiki, da yamma su tako su komo. Suka yi wata uku suna haka, har aka mai da abin da su ke biya kwabo huɗu.

A cikin mutanen da suka zo neman aiki akwai wani saurayi da ya iso a 1941, ya fara da aikin gadi a ma'adinin Crown Mines. Sunansa Nelson Mandela. Ya yi karatu ya zama lauya, a 1952 suka buɗe ofis da abokinsa Oliver Tambo. An kama shi a 1962, ya yi shekara 27 a kurkuku.

Ran 16 ga Yuni 1976 'yan makarantar Soweto fiye da dubu goma suka fito, don an ce tilas a koya musu lissafi da waɗansu darussa da Afirkans, harshen Buwa, wanda malamansu da yawa ma ba su iya shi sosai ba. 'Yan sanda suka buɗe wuta. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa akwai yaro ɗan shekara 12, Hector Pieterson. Tarzoma ta bazu ko'ina cikin ƙasar, ɗaruruwa suka mutu. Saboda su ne a ke bikin Ranar Yaran Afirka ran 16 ga Yuni kowace shekara. A wannan shekara ta 1976 Nijeriya ta kafa asusun taimakon mutanen kudancin Afirka, ma'aikata da 'yan makaranta suka ba da gudummawa. An soke dokar fas a 1986, aka saki Mandela a 1990, a 1994 kuma aka yi zaɓe na kowa da kowa ya zama shugaban ƙasa.

Bayan zinariya ta ja baya

Daga 1886 zuwa yau an fitar da zinariya fiye da tan 40,000 daga ƙasar Rand. Shekarar da ta fi kowace ita ce 1970, da Afirka ta Kudu ta haƙa tan 1,000, kimanin kashi biyu cikin uku na duniya duka. Daga nan abin ya yi ta raguwa, don ta kusa ta ƙare, ta nesa kuwa tana da tsadar haƙa. Ƙasar Sin ta sha gabanta a 2007, a 'yan shekarun nan kuma Gana ma ta wuce ta. Yanzu abin da ta ke samu a shekara bai wuce wajen tan 100 ba. Leburorin zinariya sun kai rabin miliyan a shekarun 1980, yau ba su kai 100,000 ba. Manyan ramukan cikin birnin an rufe su tuni, ɗaya ma an mai da shi wurin wasa da kallo.

Garuruwa da yawa na ma'adini su kan mutu in ma'adinin ya ƙare. Johanasbag ba ta mutu ba, don kuɗin zinariya ya riga ya haifi waɗansu sana'o'i: bankuna, masana'antu, shaguna, jami'o'i. Kasuwar hannun jarinta, wadda aka kafa tun 1887, ita ce mafi girma a Afirka. Kamfanin wayar MTN, da ya fara aiki a Nijeriya a 2001, a nan babban ofishinsa ya ke, haka kuma na DStv. A nan aka yi wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya a 2010. Asibitin Baragwanath da ke Soweto yana da gado wajen 3,000. Amma ku lura, ba ita ce babban birnin ƙasar ba. Gwamnati tana Firitoriya, majalisa tana Keftawun. Kotun tsarin mulki ce ke Johanasbag, an kuwa gina ta a harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandhi da Mandela.

Ruwan sha har yanzu daga nesa ya ke zuwa. Ana turo shi da injuna daga dam ɗin kogin Vaal, wanda aka gama a 1938, ya hau tudu ya iso gari. Da bai isa ba, aka ƙulla yarjejeniya da Lesoto a 1986, ana tare ruwan duwatsunta ana biyanta kuɗi. Duk da haka unguwanni su kan yi kwanaki ba ruwa, don bututu sun tsufa suna yoyo.

Ramukan kuma sun bar gado. Mai shigowa birnin zai ga waɗansu tuddai rawaya masu shafaffen kai. Ba Allah ya yi su haka ba, garin dutsen da aka niƙa ne aka tara. In iska ta taso a ƙarshen hunturu, ƙurarsu ta kan shiga gidajen talakawan da ke kusa, ta sa tari. Waɗansu kamfanoni suna sake wanke tuddan don tsintar ragowar zinariya. Tsofaffin ramuka kuma sun cika da ruwa mai tsami da guba, wanda ya fara ɓullowa bisa ƙasa a yammacin birnin a 2002. Mu ma mun ga irin wannan a gida, sa'ad da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010.

Akwai kuma waɗanda a ke kira zama-zama, watau masu gwada sa'a. Marasa aiki ne, da yawansu daga Lesoto da Mozambik da Zimbabwe, jikokin leburorin da. Su kan shiga ramukan da aka rufe ba da izini ba, su yi makonni ko watanni a ƙasa da tocila da guduma. A watan Janairu na 2025 an fito da gawa 78 daga wani tsohon rami a Stilfontein, kudu maso yamma da birnin.

Dokar wariya ta tafi, amma taswirar da ta zana tana nan. Sandton, unguwar da ta fi kowace kuɗi, da Alexandra mai cunkoson ɗakunan kwano, babbar hanya ɗaya ce ta raba su. Baƙar fata da yawa sun yi arziki sun koma arewacin gari, Soweto ma ta sami kwalta da lantarki da manyan shaguna. Amma a ƙasar, cikin masu neman aiki uku, kusan ɗaya ba shi da shi, fashi da sata kuma sun yi yawa, har masu hali suna kewaye gidajensu da waya mai lantarki. Har yanzu baƙi na zuwa daga ko'ina cikin Afirka, har da 'yan Nijeriya, waɗansu su samu, waɗansu kuwa su tarar kallon kitse suka yi wa rogo. Wani lokaci fushin rashin aiki ya kan faɗa kansu. A watan Mayu na 2008 rikici ya tashi daga Alexandra ya bazu, aka kashe mutum 62. A 2019 aka sake ƙone shagunan baƙi, har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya a jirgin sama aka komo da su Legas.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka sami zinariya a gonar Langlaagte, wa kuma ya same ta?
2. Don me mutum ɗaya da kaskonsa ba ya iya haƙar zinariyar Rand?
3. Ta wace hanya aka sa manomi ya bar gonarsa ya tafi rami?
4. In an ƙara kwabo ɗaya zuwa, kwabo ɗaya komowa, kwana shida a mako, sule nawa ke nan a mako goma sha biyu?
5. Kowa ya rubuta layi biyar a kan wani mutumin garinku da ya tafi ci-rani: inda ya je, aikin da ya yi, da abin da ya komo da shi.